Yoyon Motar Dallatu

A shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali gero yana da ciki, shekarar da ƙauyukan arewacin Kano suka koma cin tafasa da dusa, sabulu ma sai an bi layi, a wannan shekarar ce Dallatu ya yaye tsofaffin buhunan da ke lulluɓe da motar ubansa.

Motar ta daɗe a ajiye. Baƙa ce, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu, irin waɗanda dillalai suka saya lokacin da gyaɗa ke da daraja. Tun rasuwar tsohon aka tura ta bayan rumbu, gindin tsamiya, aka ɗora ta a kan duwatsu. Da farko kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta, daga baya suka daina. Akuya ba ta fakewa a inuwarta ko rana ta take. Mai hankali in ya ga haka sai ya tambayi kansa dalili, amma Dallatu ba ya cikin masu irin wannan tambaya. Ya yi karen mota a ƙuruciya, ya iya riƙe sifana, kuma tunaninsa guda ne: gona ta ƙi, shanun noma an sayar, in motar nan ta tashi zai riƙa ɗibar 'yan kasuwa zuwa Ɗambatta, gidansa ya ga tuwo.

A faɗi gaskiya, ya yi aiki. Ya wanke kafireto da kananzir, ya sake wayoyin da ɓeraye suka gaigaye, ya samo tayoyi na hannu daga Kano, ya aro batir. Ran wata Laraba da yamma injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Dallatu ya bar shi yana aiki don daɗin ji, har lagireto, ma'ajiyar ruwan injin, ya fara tafasa yana huci kamar tukunyar ɗanwake.

Rana ta riga ta yi ja. Matarsa Larai na bakin murhu, ta ɗago kai.

"Maigida, bar shi ya huce mana, ka ga magariba ta kawo kai. Ko ka bari in kawo kwano a tara ruwan."

"Ajiye kwanonki, ko Allah zai kawo abin zubawa a ciki."

"To ka dai yi bisimilla, ka ce a gafara."

"Wa zan ce wa gafara? Tururuwa?"

Ko 'yar da ba ta isa talla ba ta san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da magariba sai da sunan Allah da neman hanya, domin akwai waɗanda ba ma gani, kuma lokacin ne suke fito da 'ya'yansu shan iska. Dallatu ya san wannan, uwa ce ta haife shi. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya fizge tiyon ƙasa. Tafasasshen ruwa, jajawur da tsatsa, ya kwarara ƙarƙashin motar.

Wani abu ya yi ƙara, siririya, kamar an taka ɗan akuya sabon haihuwa. Tsuntsayen da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Bayan haka ladan ya kira salla.

Da gari ya waye sai ga baƙin mai ya taru a ƙarƙashin injin. Tsohuwar mota ba ta rasa yoyo, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne sawun da ke cikin man, layi-layi, kamar an sa yatsu an kwasa. Dallatu ya ce kaji ne, alhali kaji ba sa zuwa wurin. Ya kwance kwanon da ke ƙasan injin, ya yanko gaskit daga kwali, ya shafe shi da ƙaro, ya ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya har yoyon ya tsaya.

Da rana ta sake faɗuwa aka fara jifa. Duwatsu ƙanana suka riƙa sauka a tsakar gida, ba daga waje ba, daga sama, kuma wanda ya ɗauka sai ya ji su da ɗumi. Zuliha, babbar 'yarsu, budurwa mai ƙarfi da ke jan guga ita kaɗai a rijiya mai zurfi, tana daka dusa. Sai jini ya ɓalle mata ta hanci. Aka sa mata ruwan sanyi a ƙeya, aka shaƙa mata albasa, bai tsaya ba. Sai can gabanin asuba ya ɗauke da kansa. Da safe Dallatu ya leƙa ƙarƙashin mota, ya tarar gaskit ɗin ya buɗe, mai na ɗiga.

Haka aka yi ta yi. Ya toshe injin, hanci ya buɗe. Ya ɗaure bututun man birki, jini ya biyo ta kunne. Zuliha ta fara rama, tafin hannunta ya yi fari fat, guga ta gagare ta. An kai ta asibiti an ba ta maganin ƙarin jini, abin da aka zuba ta baki ya fita ta hanci. Kullum bayan la'asar sakaliya jifa, wani lokaci kuma a ji kamar mace na rarrashin yaro a bayan rumbu, a hankali, da muryar wadda ta gaji.

Larai ce ke wankin tsummokara, ita ta fara ganewa.

"Duk ranar da ƙasan motar nan ya bushe, 'yata ce ke jiƙa tsumma. Ka bar ta ta yi yoyonta."

"Mota da mutum me ya haɗa su? Ciwo daban, ƙarfe daban."

"Kai ka haɗa su."

Namiji in ya zuba ƙarfinsa a abu, gara ka ce masa uwarsa ta mutu da ka ce masa ya bari. Maimakon ya sassauta, sai ya ɗauki niyyar gamawa da yoyon gaba ɗaya. Ya kai lagireto wurin mai walda aka liƙe shi da dalma. Ya sake robobin birki, ya yanka sabon gaskit mai kauri, ya kwaɓa sabulu da sukari ya toshe tsagar tanki. Sannan ya barbaɗa toka a ƙarƙashin motar don ya ga ko ɗigo ɗaya zai sauka. Yini guda tokar na nan fari. Ya tsaya yana kallonta yana murmushi.

Inuwar rumbu na kaiwa bakin zaure, Zuliha ta faɗi. Jini ta hanci, ta kunne, har ta gefen ido. Ta juya ruf da ciki, kuma duk wanda ya taɓa bayanta sai ta kurma ihu. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ta wata babbar mace ce, busasshiya.

"Buɗe abin da ka toshe."

Aka aika Zakirai, ƙanen Zuliha, ya ɗauko Malam Sama'ilu, wani dattijo marar yawan magana da ya san karatu, ya kuma san mutanen ɓoye. Ya iso washegari bayan la'asar a kan kekensa. Bai fara shiga ɗaki ba, sai da ya zaga bayan rumbu ya daɗe yana duban motar, ya yi mata sallama kamar yadda ake yi a ƙofar gidan mutane. Sannan ya sa aka fito da yarinyar kan tabarma, ya zauna wajen kanta, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Jifa ta tsananta, sannan ta tsaya cak. Jikin Zuliha ya sandare.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba abincinka ba ne. Maƙwabciyarsu ce. Tun yarinyar nan na rarrafe muke cikin motar can, a ciki na haihu. Ko allura ba mu taɓa ɗaukar musu ba."

"To me ya kawo ki jikinta?"

"Tambayi wancan da ke sunkuye. Na kwantar da ɗana a inuwa, ya sheƙa masa tafasasshen ruwa a gadon baya. Fata ta saluɓe. Matarsa ta ce ya nemi hanya, ya ce mu tururuwa ne. Ban ce komai ba. Baƙin man nan nake ɗiba ina shafa wa yaron, yadda kuke shafa wa jakinku a gyambo. Ɗan wannan ma ya hana ni. Ya toshe can, na buɗe nan. Yanzu ya toshe duka, ni ma na buɗe duka."

Dallatu ya ɗaga baki zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu.

"An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba ta zuba miki komai ba. Ba a kama wani da laifin wani."

"Nawa ɗan me ya yi masa?"

"In kin ƙi fita, kin san abin da zan karanta."

"Ƙona ni. Ai an iya ƙuna a gidan nan. Amma kafin in zama toka, duba abin da ya rage a jikinta, ko ya cika ludayi."

Malam ya dubi fuskar yarinyar, ya ga gaskiya ta faɗa. Ya sauke murya.

"Faɗi abin da za a yi miki, ban da rai."

"Hannun da ya fizge tiyon."

"Ba na ciniki da gaɓar ɗan Adam. Sake faɗa."

Can bayan rumbu wani abu ya yi ɗan nishi, sai idon Zuliha ya juya wajen, ya daɗe kafin ya dawo.

"Dangina na gindin kukar da ke bayan fadama, akwai masu magani a cikinsu. Yaron ba ya iya tafiya, ba ya goyuwa, zani ba ya taɓa bayansa. Tunda mutumin nan ya gyara motar ta yi kyau, ya kai mu, shi da kansa, mu a kujerar baya. Ya bar ta can, ya dawo da ƙafa, kada ya sake zuwa nemanta. Kuma duk kukan da ɗana ya yi a hanya, bayan mai tuƙin ne zai biya."

"Malam," in ji Dallatu, "in na bar motar, da me zan ciyar da su? Ba sauran abin da nake da shi."

Bakin Zuliha ya yi dariya, jini na bin haɓarta.

"Ka ji shi ko, Malam? 'Yarsa na kwance, yana tambayar ƙarfe."

Larai ta shiga ɗaki, ta zaro makullin motar daga aljihun rigar Dallatu da ke rataye, ta dawo ta jefa masa a cinya.

"Tashi."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce su duka cewa in an kai ta ba za ta waiwayi gidan ba, ita da danginta. Ta rantse. Dallatu ya je ya buɗe ƙofar baya, ya ja gefe. Babban yatsan ƙafar Zuliha ya karkaɗa, ta yi atishawa, jikinta ya saki. Kowa na kallo bayan motar ya yi ƙasa, kamar an loda buhunan hatsi, kujerar ta lotsa wuri biyu. Ƙofar ta rufe kanta a hankali.

Daga gidan zuwa fadama ba titi, sai burtali tsakanin gonaki, yashi da sawun amalanke. Dallatu ya tuƙa motar kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Bai kalli madubi ba. Yana jin numfashi biyu a ƙeyarsa, ɗaya mai nauyi, ɗaya gajere mai sauri, da warin ƙonanniyar fata. Injin na tafiya lafiya lau, birki na kamawa, ba abin da ke ɗiga. Bai taɓa jin mota mai daɗin hannu irin wannan ba, kuma ya san ba zai ƙara ji ba. Mutanen da ke dawowa daga gonakin da ba komai a cikinsu suka riƙa ratsewa suna kallon mutum shi kaɗai a mota yana tafiyar hawainiya, gumi na zuba masa.

Ya kauce wa kututture, ya kauce wa tushen kara. Duhu ya fara sauka sa'ad da ya hango kukar. Nan ne zuciyarsa ta gaya masa ya tsira, ƙafarsa ta ɗan ƙara nauyi a kan totur. Akwai wata 'yar zaizaya da yashi ya rufe. Tayar baya ta faɗa ciki.

Yaron ya yi ƙara sau ɗaya.

Dallatu ya ji kamar an kifa masa tukunya daga wuya zuwa ƙugu. Bai saki sitiyari ba. Ya cije, ya ƙarasa gindin kukar, ya kashe injin. Ƙofar baya ta buɗe, motar ta ɗago. Sai muryar ta zo dab da kunnensa, ba fushi a cikinta, ba kuma yafiya.

"Ɗaya ne kawai. Na so ya fi haka."

Ya bar makullin a jiki, ya kamo hanya da ƙafa.

Ya tarar da Zuliha zaune jingine da uwarta, tana kurɓar kunun tsamiya, jinin ya tsaya. Ta ce masa sannu da zuwa da muryarta ta ainihi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta. Da ya zo cire riga, rigar ta taho da fatar bayansa.

Larai ta haska fitila ta duba, ta dubi Malam. Malam ya ce wannan ba nasa ba ne, an yi sharaɗi a gabansa kuma an cika. Ta kawo ruwa ta wanke masa, ba ta yi masa gori ba, ba ta kuma yi masa kuka ba.

Sun ƙarasa shekarar da ƙyar, kamar kowa. Zuliha ta murmure, ta koma jan gugarta, daga baya ta yi aure ta haifi 'ya'ya. Dallatu ya yi tsawon rai, amma gyambon bayansa bai taɓa rufewa duka ba, ya warke nan ya tsage can. Bai sake kwanciya rigingine ba sai ranar da aka yi masa wanka.