Wanda Ya Tsamo Ɗanlami Daga Ruwa

Ni na fara gani. Kafin uwarta, kafin Abuna limamin cocin, kafin su kansu su sani, ni Mas'udu mai gadi na gani daga kan bencina.

Ranar da Nikola, wani ɗan Labanan mai sayen auduga, ya cika shekara da rasuwa ce. Su Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodos in za su tuna mamaci, alkama suke dafawa da sukari su raba. Rahama 'yar marigayin, wadda aka kai Jos karatu tun tana ƙarama, ita ke rabo a bakin ƙofa. Ɗanlami mai haɗa sola ya miƙa hannu, ta zuba masa cokali ɗaya, ya ƙi janyewa. Ta ƙara. Ta sake ƙarawa.

"Malam, akwai mutane bayanka fa," in ji ta.

"Su yi haƙuri. Yau na fara sanin alkama na da daɗi."

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na ce a raina, shi ke nan.

Ba wanda ya san cocin nan kamata. Iyalai bakwai na Kwarori 'yan Labanan suka zo Gusau a jirgin ƙasa sayen auduga da gyaɗa. Cikin sito suka fara ibadarsu, tsakanin buhuna. Da suka tashi gini, ni na ɗauki bulo na fari a ka. Na faɗo daga ƙubba, na karye wuri biyu, na tashi. Kwalara ta kwantar da ni, ta gaji ta bar ni. Na ga limamansu biyar. Ni Musulmi ne, salla ba ta wuce ni, makullinsu kuma bai taɓa ɓata a hannuna ba. Yau iyalai uku suka rage, sai 'ya'yan ma'aikatansu na Tsafe da Bungudu, irin su Ɗanlami, wanda marigayi ubansa ya daɗe yana yi wa Nikola direba.

Ni ban iya karatu ba, amma Rahama kan zauna gefena ta karanta mini saƙonsa.

"Alkamata, ina kan rufin wani Alhaji a Bungudu, rana na dukana, ke nake tunawa. Kin ci abinci?"

Ta mayar masa: "Riƙe tsani da hannu biyu, Ɗanlamina. Ban shirya raba wata alkamar ba."

Wata shida ana haka, sai Ɗanlami ya daina zuwa. Wani Fu'ad mai sayar da tayoyi a Kano ya fara ajiye mota a ƙofata yana neman auren Rahama, ko sannu ba ya ce mini. Sati uku sannan Rahama ta zo da jajayen idanu.

"Baba Mas'udu, wai yayana ne."

"Wa? Ɗanlami? Ta ina?"

Ta karanta mini saƙonsa na ƙarshe: "Na ga sunan babanki a littafin da idona. Ki yafe mini, ƙanwata. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni."

Ga yadda abin yake. A wajensu, wanda ya tsamo jariri daga ruwan baftisma ya zama ubansa, 'ya'yansa kuma sun haramta ga yaron, kamar yadda shan nono ke yi a wajenmu. Uwar Rahama, Madam Salwa, ta sa an buɗe littafin coci, ga sunan Nikola a matsayin uban baftismar Ɗanlami.

Ban ko sa hula ba na nufi ofishin Abuna. Na tarar da Madam Salwa can, na sa aka kira yaron.

"Littafinku ya yi kuskure," na ce.

"Baba, littafi ne fa," in ji Madam Salwa. "Kai ko baƙi ba ka sani ba."

"Ban sani ba. Amma ke kina Labanan ran nan, ba a ma auro ki ba. Ni na dafa ruwan."

Na ba su labari. An haifi Ɗanlami da damina, bai cika kwana takwas ba numfashinsa ya fara sarƙewa, aka ce a yi baftisma da gaggawa. Nikola ya yi alkawarin tsayawa, limamin wancan lokaci ya rubuta sunansa tun da safe. Sai ruwa ya cinye hanya a Tsafe, motar auduga ta kafe da Nikola da uban yaron ciki. Uwar yaron kuwa, a al'adarsu mai jego ba ta shiga coci sai ta yi arba'in. Tsohuwa Wadi'a, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta miƙa tawul ta karɓe shi. Babu gicciyen da za a rataya masa, ta cire na wuyanta.

"Wane shaida gare ka?" in ji Abuna.

"Yana wuyan yaron nan. Juya shi."

Ɗanlami ya ciro gicciyen. Abuna ya sa tabarau ya duba rubutun Larabcin da ya kusa gogewa a bayansa. Ya karanta a hankali: "Wadi'a."

Madam Salwa ta karɓi gicciyen ta duba. Can ta ce, "Wallahi ba ƙinsa nake ba. Zunubi na ji tsoro." Ta dubi Ɗanlami. "Ka turo kawunnanka."

Rahama na bakin taga. "Ƙanwarka ko?" ta ce masa.

"Na tuba, Alkamata."

Sai da suka gama dogon azuminsu na Ista aka ɗaura. Abuna ya aza musu kambi a ka, suka kewaya tebur sau uku, mutanen Tsafe na guɗa, Kwarori na watsa shinkafa. Ni aka fara kawo wa su a kan bencina. Na ce Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, kuma in za a yi wa ɗansu wanka, a jira mai tsamowa ya iso kafin a taɓa alƙalami.

Wanda ke ganin ƙari na yi, ya zo bayan tashar jirgi ya same ni. Ya kawo littafinsa, ni in kawo kaina, mu ga wanda zai fara kuskure.