Jiminar da Aka Ci a Malikanchi

Da yammacin wata Alhamis, rana ta gangara bayan gonakin rake, kaji sun fara shiga akurki, ƙamshin nama ya cika gidan Jumare a Malikanchi har ya tsallaka katanga. Zamanin soja ne, lokacin da ake layi tun asuba don sandar sabulu da gwangwanin madara, kuma Jumare na cikin masinjojin da aka sallama daga ofis a Ikara da 'yar takarda guda. Da yunwa ta matsa, sai ya ɗauko adakar mahaifinsa, tsohuwar bindigar farauta, ya shiga daji. Gafiya, damo, bushiya, kurege, babu wanda matarsa Mairama ba ta koyi babbakewa da dafawa ba, tana yi tana kau da kai. Amma abin da ke tafasa a ranar, cikin babbar tukunyar da ta aro wajen maƙwabciyarta Agnes, jimina ce.

Da hantsi ya gan ta a fadama, tsaye a gindin wata tsohuwar kanya, ta fi shi tsawo. Ko tsofaffin garin ba su taɓa jin an ga jimina a wannan daji ba. Ta dube shi, ya dube ta, ba ta motsa ba. Mamuda, tsohon maharbin da ya koya masa ɗura bindiga, ya sha gaya masa cewa duk dabbar da ta gan ka ba ta gudu ba, ka yi mata sallama ka wuce, mai ita na kusa. Jumare ya tuna da maganar sarai. Ya kuma tuna da wuyan 'yarsa Hajo, yarinya mai shekara goma sha biyu da ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Ya harba. Sai da ya yanka ta ne ya ga zoben tagulla a ƙafarta ta hagu. Ya waiga dama da hagu, ya zare shi ya jefa a aljihu, bai gaya wa kowa ba.

A amalanke aka kawo ta gida. Fiɗar akuya aka yi mata, don gashinta ya ƙi figuwa. Naman ja wur kamar na shanu, duk a cinyoyi yake, ƙirjin kuwa ƙashi ne zalla. Mairama ta zuba citta da masoro da kanumfari da daddawa, ta jefa 'yar kanwa don ya yi laushi, ta narka kitsen a kwalba saboda masu ciwon gwiwa. Gida tara aka kai wa rabo. Hajo aka ba wankin ƙundu, ta tarar da shi cike da tsakuwoyi masu santsi, ta wanke su ta ƙulle a bakin zane don yin 'yar carafke.

Suna cikin ci, ladan bai gama kiran magariba ba, wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ƙwas. Kowa ya ɗaga kai. Ya sake faɗowa, ya gangaro ya tsaya daidai gaban akushin Jumare. Tsakuwa ce mai santsi, da ɗumi kamar an ciro ta daga cikin abu mai rai.

"Yara ne," in ji Jumare.

Ilisha, mijin Agnes, ya hau katanga ya duba ko'ina. Babu yaro, babu babba. Jifan ya ci gaba har aka yi isha'i, sannan ya ɗauke. Hajo ta kwance bakin zanenta, ta tarar babu ko tsakuwa ɗaya.

Washegari da magariba jifan ya dawo, ya zo da wani abu. Daga bayan rumbu aka riƙa jin wata murya, siririya, tsohuwa, tana kira a hankali kamar yadda mace ke kiran akuyarta ta dawo gida. Ba a gane kalmar ba. Mairama ta riƙe hannun Hajo, ta ji shi sanyi ƙalau.

A rana ta uku Hajo ta daina cin abinci. Mairama ta same ta a tsugune a bayan ɗaki tana tsintar tsakuwa tana haɗiyewa. Da magariba ta yi, yarinyar ta miƙe, ta miƙar da wuya, ta sunkuyar da kafaɗu kamar an ɗora mata kaya, ta fice da gudu. Maza huɗu suka bi ta, ba su cim mata ba sai a gindin kanyar nan ta fadama, ƙafafunta duk ƙaya, tana haki kamar ranta zai fita. Haka ta yi kwana biyar. Kowace magariba sai ta ƙara nisa, kowace safiya sai ta ƙara ramewa. An ɗaure ta da igiya, ta tsinke igiyar. Jumare kuwa zoben na aljihunsa, yana jin nauyinsa a cinya, tsoro da kunya sun hana shi buɗe baki.

Agnes ce ta ce da Mairama, "Maman Hajo, mun yi addu'a a gidanmu, za mu ci gaba da yi. Amma yarinyar nan ba za ta kai wani mako a haka ba. Ku nemo malaminku."

Ilisha ya ba da kekensa, Jumare ya tafi Nasarawan Doya ya zo da Malam Ashafa, wani gajeren dattijo marar yawan magana. Bayan la'asar suka iso. Malam ya zauna a tabarma, aka kwantar da Hajo a gabansa, ya dafa kanta ya fara karatu a kunnenta na dama. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji suka yi tsit. Can sai yarinyar ta buɗe ido, muryar nan ta bayan rumbu ta fito daga bakinta.

"Malam, sassauta. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Baƙuwa."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya." Idon Hajo ya juya ya tsaya a kan Jumare. "Fari ya kore mu daga arewa, yadda ya kori mutanenku. Rijiyar da nake zaune ta ƙafe. Ni gurguwa ce, ba na iya tafiya. Shekara arba'in tsuntsuwar nan na ɗauke da ni. Na sauka in huta a gindin kanya, ya zo ya harbe ta a gabana. Ya ga alamata, ya sa a aljihu."

Mairama ta juyo ta dubi mijinta. Jumare ya sa hannu a aljihu, ya fito da zoben ya ajiye a tabarma.

"Yunwa ce, Malam," in ji shi.

"Na san yunwa," in ji muryar. "Amma kun cinye abin hawana. Dole wani ya kai ni. 'Yar'uwata na wani dutse a bayan Kudan. Yarinyar na da gudu, tana koyo."

"Za ta mutu kafin ta kai rabin hanya," in ji Malam Ashafa.

"To a yanka mini baƙin bunsuru in sha jini in yi ƙarfi."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Wannan kam ki cire rai." Ya ci gaba da karatu, yarinyar ta yi ƙara, ta riƙa murɗewa. Ya tsaya. "Zan iya fitar da ke da ƙarfi, kin sani. Amma an ci hakkinki, ba na son in ƙara zalunci a kan zalunci. Faɗi abin da zai yiwu."

Jumare ya dubi ƙafafun 'yarsa, duk sun kumbura, jini ya bushe a tsakanin yatsu. Bai san lokacin da maganar ta fito masa ba.

"Iya, ni zan goya ki."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai? To. Ka tara mini ƙasusuwanta duka, da gashinta, da zoben. Ka saɓa a baya. A ƙafa za ka tafi. Ba mota, ba keke, ba saukewa a ƙasa sai ka isa."

"Ki rantse ba za ki dawo ba," in ji Malam.

Ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan.

Da gari ya waye Jumare ya bi gidaje taran nan ɗaya bayan ɗaya, yana gaisuwa, yana faɗin abin da ya yi da bakinsa, yana roƙon ƙashi. Mata suka tona juji. Agnes ta ƙwato wani guntu daga bakin karensu. Mairama ta kawo kwalbar kitsen ta sa a buhu da hannunta. Buhun bai fi nauyin kwano biyu na dawa ba. Jumare ya saɓa shi a baya, ya tsuguna kusa da Hajo kamar mai shirin goyo. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta yi laƙwas. A daidai nan aka ga gwiwoyin Jumare sun lanƙwashe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya fita ba waiwaye.

A ranar magariba ta yi, ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba. Hajo ta farka ta nemi kunu, ta tambayi ina Baba.

Kwana biyar aka yi babu labarinsa. A na shida, da hantsi, wani mai motar rake ya sauke shi a bakin hanya. Da sanda ya shigo gida, bayansa a tanƙware kamar na ɗan shekara tamanin, kuma har ya koma ga Allah bai sake miƙewa ba. A kafaɗunsa akwai shatin ƙananan yatsu, biyar nan, biyar can. Adakar kuwa ya bayar aka kai wa Mamuda, bai ƙara taɓa nama ba, ko na layya.

Da ya huta, Hajo ta kawo masa ruwa ta zauna kusa da shi tana kallon kafaɗun.

"Baba, tana da nauyi sosai?"

Ya kurɓi ruwan, ya ajiye ƙoƙon.

"Nauyin da sauƙi, Hajo. Tun daga ƙofar gidan nan har dutsen, kuka take yi a kunnena, tana kiran tsuntsuwar da sunanta."