Sabon Murfi a Tayar Dama

Iska kawai Auta ta tsaya a ƙara wa tayar mota. Rumfar ma ba wata rumfa ba ce, kwano huɗu ne da injin iska da tulin tsofaffin tayoyi. Saurayin da ya fito daga ciki dogo ne, da guntun alli maƙale a bayan kunnensa kamar malamin firamare.

Ya durƙusa gaban tayar gaba ta dama, ya shafa ta da tafin hannu a hankali. Sai ya ɗago.

"Ranki ya daɗe, idan kin kai tamanin sitiyarin yana rawa a hannunki, ko?"

Wata biyu ke nan motar Baba tana wannan rawar. Sau uku ana kai ta garejin Injiniya, ɗan aminin Baba, mai ofis da na'urar sanyi. An jona kwamfuta, an canja filogi, an canja robar inji, rawa tana nan daram. Baba kuwa ya yanke hukunci: tun da Auta ta fara tuƙi motar ta lalace.

"Wa ya gaya maka?"

"Tayar ce. Ta cinye a waje ɗaya. A kujera kike jin girgizar ko a hannu?"

"A hannu."

"To gaba ce. Da baya ce, kujera za ta faɗa miki."

Ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar, ya kafa allinsa dab da bakin rim ta ciki, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Allin bai taɓa ko'ina ba sai wuri ɗaya, duk zagaye sai ya yi ɗan ƙet. Auta ta manta da rana, ta manta da ƙura. Wallahi ba ta taɓa ganin mutum yana sauraron ƙarfe haka ba.

Ya ɓalle murfin tayar, ya leƙa. Sai ya mayar da shi da sauri.

"Motar wa ce?"

"Ta babana."

"Ki ce masa ya zo da kansa. Kafin nan kada ki wuce hamsin."

Abin ya sosa mata rai. Wato shi ma yana ganin mace ba ta isa a yi mata bayanin mota ba. Ta karɓi lambarsa don Baba, ta ja motar ba ko sallama.

Baba ya ji saƙon ya ce shi, da ya shekara arba'in yana tuƙa manya bai taɓa gogar ko akuya ba, ba zai je mai faci ya koya masa mota ba. Lambar dai ta zauna a wayar Auta. Kwana uku ta daure, a na huɗu ta rubuta:

"Mai Alli, ka raina ni ne da ka ƙi gaya min abin da ka gani?"

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Hajiyar Tamanin, wanda ya ga yadda kika shigo rumfata da ribas ba zai raina tuƙinki ba. Akwai maganar da ba tawa ba ce, ba kuma taki ba. Ki yi min haƙuri."

Ta karanta sau biyar. Daga ranar tayoyin motar nan suka fara yawan buƙatar iska. Yayarta ta ce ba ta taɓa ganin taya mai ƙishirwa irin wannan ba, Auta ta jefe ta da matashi.

"Me kike so a jikina?" Mai Alli ya tambaye ta wata rana. "Hannuna duk baƙin mai."

"Hannun ne ma," in ji ta, ta sunkuyar da kai.

Da magana ta kai gida, Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Ba zan yi miki dole ba, Auta. Amma ga Injiniya yana ta zarya, ki ce sai mai zaman bakin titi? Ban yarda ba."

Umma ce ta lallaɓa shi, ta ce ko don motar ya je ya ga yaron. Baba ya amince, amma ya gayyato Injiniya, don a yi ta a gaban masani. Auta ta san nufinsa sarai. Idan Mai Alli ya ji kunya a ranar, maganarsu ta mutu.

Asabar da safe suka isa. Mai Alli ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya kawo masa benci. Ya ɗaga motar, ya juya tayar, allin ya sake yin ƙet ɗinsa.

"Baba, rim ɗin ya lanƙwashe. Shi ya sa kwamfuta ba ta gani ba, ita inji take tambaya."

Injiniya ya yi dariya. "To a cire murfin mana mu ga abin da ƙanwata ta daka."

Auta ta dubi Mai Alli, tana jira ya wanke ta. Idonta ya sauka kan murfin, sai a lokacin ta lura: na sauran tayoyi ukun sun koɗe, wannan ɗaya sabo fil. Ta juya ga Baba. Shi kuwa ya kawar da idonsa daga tayar.

"Ba sai an cire ba, yallaɓai," in ji Mai Alli, hankali kwance. "Alli ya riga ya nuna. Ba ita ta buga ba, wannan na tabbata. Baba, a bar min tayar, zan sa safaya."

Ya kwance tayar ya shige da ita ciki, ya jingine ta fuskarta na kallon bango.

Da suka iso ƙofar gida Baba ya ce Auta ta tsaya. Ya nuna mata ginshiƙin get ɗinsu mai shuɗin fenti, can ƙasa inda ya ɓantare.

"Ni ne, Auta. Idona na dama ya fara hazo. Nan na buga tayar, na sayi sabon murfi na rufe, na bar ki da laifi." Ya sake duban ginshiƙin. "Fentin nan yana jikin rim ɗin. Yaron ya ga tsohon bugu a ƙarƙashin sabon murfi tun ranar farko. Yau da ya buɗe, da ya ci nasara a gaban kowa. Ya zaɓi ya rufa min asiri."

Auta ta fashe da kuka, tausayin Baba da son Mai Alli suka haɗu suka cika mata ƙirji.

"Ki yafe min. Ki ce ya turo manyansa."

Ta ɗauko waya ta rubuta: "Mai Allina, Baba ya ce ka turo."

"Alhamdu lillahi. Hajiyata, ki kai shi asibitin ido tukuna. Ni zan jira."

Ita ta kai shi, ita ta dawo da shi da farin bandeji. Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da aka zo kai amarya, Baba ya ce ba mai tuƙa 'yarsa sai shi, ga sabon tabarau a fuskarsa. Umma da yayar amarya suna baya suna ta addu'a.

Da suka hau babban titi ya taka har tamanin. Ya sassauta riƙon sitiyarin, ya bar yatsu biyu kawai a kai. Ko motsi.

"Kin ji?" ya ce.

"Ban ji komai ba, Baba."

"Haka nake roƙon Allah ya sa gidanku ya kasance. Allah ya yi muku albarka, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min."

Umma ta ce amin. Auta ma ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, hannunta damƙe da guntun allin da angon ya aiko mata da safe.