Allurar Kasuwar Dumega

Warin ne ya tarbe ni tun daga bakin bukka. Na toshe hanci da gefen zane na shiga.

Inusa, saurayina, yana kwance rub da ciki. Ƙugunsa ya kumbura suntum, mugunya na tsiyaya, ƙudaje sun samu wurin biki.

"Asiyata... kak ki duba."

"Wa ya yi maka wanga aiki?"

Innarsa ce ta amsa, har da murmushinta. "Issa mai allura na, Allah shi saka mai. Ciwon da ya ɗauko a rijiya na ka hita, ɗiyata. Allurar da ba ta yi ruwa ba ai ba ta kama ba."



Tun ranar da Inusa ya ɗaga dutse a rijiyar da yake haƙa, baya ya riƙe masa, zafin na tsargawa har yatsan ƙafa. Baba kuwa ya rantse wanda bai duƙa ya yi noman suruki ba, ba zai ɗauki 'yarsa ba. Issa ya daɗe yana nemana. Shara yake yi wa wani asibiti aka kore shi, Nasara na tafiya ya mai da kansa lokotoro, wai shi likitan kasuwar Dumega. Da idona na ga ya soki mai gyambo, ya goge allurar a hannun riga, ya soki jariri.

"Don ke na yarda," in ji Inusa. "So nike in kama hauya."

"Don ni ka bar ƙazami ya ruɓar da kai? Tashi, masoyina, ko in goya ka."

Motar gyaɗa ta kai mu asibitin Dogon Dutsi. Béatrice, malamar jinya, ta matse ƙurjin, ni na riƙe tasa. Ɗaya hannuna na cikin na Inusa.

Da ciwon ya bushe, lokotoron asibitin ya ce ƙashin baya ne ya danne jijiya. A gabanmu ya dafa allura, ya yi masa ta kortizon. Zafin ya lafa, amma ya ce hauya sai baɗi.

Ranar gayya sai ga Issa a gonar Baba da samari goma da makaɗi, yana ƙamshin turare. Inusa ya zo yana dogara sanda. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Na ajiye kunya, na kama hannun Inusa har gaban Baba, na ɗage rigarsa. Ramin da ƙurjin ya bari zai ɗauki ƙwan zabo.

"Baba, ga noman da Issa ya iya. Hannun da ya yi wanga kake son shi taɓa ni?"

Baba ya daɗe yana duban tabon, sannan ya juya ya tofar da miyau.

"Issa, kwashe mutanenka, ka hice min gona."

Ya dubi Inusa, muryarsa ta sauka.

"Tahi inuwa ka zamna, ɗana. Baɗi ina jiranka nan, kai da matarka."