Jiƙaƙƙun Duwatsu a Gidan Magini

Gab da magariba Magini ya dawo daga aikin hanya, ya zauna a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga yatsunsa. Matarsa tana kwashe shanya. Autarsu, yarinya mai surutu kamar rediyo, tana wanke kwanuka tana waƙa. Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafar uban.

Ya ɗauka. A jiƙe yake, har da gansakuka, alhali an yi watanni ba a ga ko yayyafi ba.

Hanyar nan kuwa ita ce ran garin. Damina ta canza hali, ruwan wata guda yanzu a yini ɗaya yake zubowa, ya cinye hanya. Bara matar Magini tana naƙuda ruwa ya yanke hanyar, motar asibiti ta tsaya a tsallake, jaririn bai zo da rai ba. Shi ya sa da aka zo ɗaga hanyar da faɗaɗa kwalbati ya fi kowa zafin nama. Ranar da tifa ba ta kawo dutse ba, ya gangara rafi, ya tarar da duwatsu jere reras a bakin wani kogo, ya sa aka kwashe, ya ɗaure gefen hanya da su. Ko tambayar kansa wa ya jera su bai yi ba. Mai gaggawa ai haka yake.

Kullum rana ta faɗi, jifa ya fara. Daga baya sai ƙarar ruwa a ɗakin da babu ko randa, da kukan ƙananan yara ƙasa-ƙasa. Auta ta daina waƙa. Ta daina ci. Sai ta zauna a lungu, ta ɗage ƙafafu sama kamar mai gudun ambaliya, zaninta na ɗiga.

"Baban Auta," uwar ta ce a hankali, "na binne ɗaya. Ba zan binne biyu ba."

Aka ɗauko Malam, wani tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ba ya ɗaga murya. Ya zauna ya yi ta karatu har duhu ya fara shiga. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar da ta fito ta wata tsohuwa ce, a dishe.

Ta ce ruwan da yake cin hanyarsu shi yake cin gidanta. Kakanninta ba su taɓa ganin ruwa a kogon nan ba, ita ce ta ga wannan zamani. Da hannunta ta jera duwatsun don ta kare 'ya'yanta, wannan mutumin ya kwashe. A fasa hanyar a mayar mata da kayanta, in ba haka ba, ranar ruwan farko da yarinyar za ta tafi.

Malam ya ce hanya ba za ta fasu ba, akwai masu ciki a garin nan. Ya gaya mata abin da ya faru bara. 

"To ya ba ni duwatsun da suka tare masa ƙofa," in ji ta. "Ya ji yadda ake kwana da ruwa."

Dakalin dutse ne mai tsayi da Magini ya gina a ƙofarsa don kada ruwa ya shigo masa gida. Ya dubi matarsa. Ita ce ta tashi ta miƙo masa guduma.

Washegari ya rushe shi, ya yi ta jigilar duwatsun a baro, ya gine bakin kogon da kyau, yadda zai gina wa uwarsa. Yana ɗora na ƙarshe Auta ta yi atishawa a gida, ta ce yunwa take ji.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya shigo musu tsakar gida har idon sawu. Uwar tana kwarfa tana mita, Auta tana riƙe da bokiti, ta ce Baba ya gina wa kowa ya bar su a tafki. Magini kuwa kunnensa na waje. Can daga wajen kwalbati ya ji mota ta yi hon, ta haye, ta wuce.