Kofin Ruwan Baba Muntaka

"Maimaita abin da ka ce, Zaharadden!"

Surayya na tsaye a ƙofar gidansu da ke unguwar Ruwais a Jidda, riƙe da takardar da ya miƙo mata. Takardar neman gurbi ce a gidan kula da tsofaffi, an cike ta tsaf, ga sunan mahaifinta a sama.

"Habibti, masoyiyata, ki saurare ni..."

"Kar ka ce min habibti! Saura wata biyu aurenmu, shi ne har ka fara share gida? Abuya ne ya tsare maka hanya?"

Zaharadden ya sunkuyar da kai. Bakatsine ne, shekararsa shida yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Bagdadiyya, amma Jidda ba ta rage masa ko ƙwayar kunya ba. Tun da ya fara neman aurenta bai taɓa zama kan kujera a gaban mahaifinta Baba Muntaka ba, ko shayi bai taɓa kurɓa a gabansa ba. Ita haihuwar Jidda har tsokanarsa take yi, wai kunyarsa ta fi ta amarya.

"Ba ni na nema ba," ya ce a hankali. "Baba ne ya kira ni a waya ya aike ni. Ya ce kar ki sani sai an samu gurbi. Ni kuma ba zan iya ɓoye miki ba."

Ta juya cikin gida da sauri, shi kuma ya biyo ta ya toge a bakin ɗakin tsohon kamar kullum.

Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba Muntaka ya shanye. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, yayanta Hashim yana aiki can birnin Dammam, sai Juma'a-Juma'a ake jin muryarsa. Ita ke ɗaga tsohon, ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka. Ba ta taɓa jin ta gaji ba, wallahi ko sau ɗaya.

Kofin ruwan da ta ajiye masa tun safe yana nan a cike. Kwana goma ke nan yana haka a wannan zafin, ruwa sai ya jiƙa leɓe kawai, abinci loma biyu. Likita har ya yi mata kashedi a kan ƙodarsa.

"Abuya, me na yi maka?" Ta durƙusa a gefen gado. "Ka gaji da ni ne? Wurin baƙi kake so a kai ka?"

Tsohon ya juya fuskarsa bango.

"Ka yi magana mana, Abuya!"

"Can maza ne ke kula da maza," ya ce da muryarsa da ciwo ya karya. "Ke 'yata ce, Surayya. Ni na goya ki a unguwar Balad, ni na saya miki takalminki na farko. Yau ke ce kike kwaɓe min riga, kike wanke min... Duk ranar da kika shigo da robar nan, ji nake ina ma ƙasa ta tsage."

Sai a lokacin ta kalli kofin da kyau, ta gane. Ashe ba ciwo ne ya hana shi sha ba. Ƙishirwa yake haɗiyewa don kada buƙatar bayan gida ta kama shi, ta zo ta ga tsiraicinsa.

Kuka ya ƙwace mata.

"Kashe kanka za ka yi saboda kunyata? Halas, magana ta ƙare, babu inda za ka! In aure ne a ɗaga shi, shekara goma ma a ɗaga! Amma ba za ka kwana a hannun wanda bai san yadda kake son kununka ba!"

"Ni kuma ba zan sha ba," in ji tsohon. Taurin kai dai a jini yake, ba daga maƙwabta ta aro nata ba.

Nan suka tsaya, uba da 'ya, kowa ya kafe.

Sai ta ji motsi a bayanta. Zaharadden ne ya cire takalmi, ya tsallako cikin ɗakin da bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Gumi yake yi, amma yana naɗe hannun rigarsa.

"Surayya, ɗora ruwan wanka. Ki kawo ki ajiye a bakin ƙofa, ki koma falo."

Ta kalle shi baki buɗe.

"Kai yaro!" Baba Muntaka ya zaro ido. "Kana cikin hankalinka? Kai fa surukina ne!"

"Ba a ɗaura ba tukuna, Baba."

"In an ɗaura fa?"

"In an ɗaura, surukin ya tsaya a waje da kunyarsa, ɗanka ya shigo. Ni na yi jinyar mahaifina shekara biyu a Katsina kafin Allah ya karɓi abinsa, na iya. Zan zo bayan asuba kafin in tafi aiki, in dawo da la'asar. Bayan biki kuma nan zan tare."

"A gidan surukai? Mutanenku za su yi da kai."

"Su yi, Baba. Bakinsu ne zai gaji."

Surayya ta fita tana share hawaye da mayafinta. Tana daga falo tana jin ƙarar ruwa a roba, tana jin tsohon yana mita wai an cika masa sabulu. Can kuma sai ta ji abin da rabonta da ji tun wata huɗu, dariyar mahaifinta. Son Zaharadden ya cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa kanta.

Da ya fito, rigarsa sharkaf, ta tare shi da takardar nan.

"Ka yafe min, rabin raina. Na zarge ka..."

"Yalla, maza yaga ta kawai," ya ce yana murmushi, har yanzu ya kasa haɗa ido da ita.

Ta yaga ta gida huɗu, ta leƙa ɗakin. Baba Muntaka na jingine da filo cikin farar jallabiya, yana ƙamshin sabulu. Da hannunsa mai lafiya ya ɗago kofin, babu ko ɗigo a ciki.

"Surayya," ya ce, "ƙaro min ruwa. Ki kawo tuwon nan ma, a kwano ɗaya. Ni da ɗana za mu ci."