Mutumin da Giwa Ba Ta Jin Warinsa

A wajenmu, can kwarin Luwangwa, in namiji ya yi aure shi ke naɗe tabarmarsa ya koma garin matar. Gonar da zai noma ta surukai ce. 'Ya'yan da zai haifa na dangin uwarsu ne, kawunsu ke da ta cewa a kansu. Sai wanda hannunsa ya yi nauyi ne yake iya sallamar surukai da awaki da kaya, su yarje masa ya ɗauki iyalinsa ya tafi. Zakeyo kuwa hannunsa fayau yake.

Ya daɗe zaune a ƙauyen Kamwendo da matarsa Dailesi da 'yarsu guda, Tamala. Yarinyar nan ita ce duk abin da yake so a duniya. Burinsa ya ɗauke ta da uwarta ya kai su garinsu na bakin titi, inda akwai makaranta mai rufin kwano, a riƙa kiranta 'yar Zakeyo. Ranar da ya kawo maganar, wan matarsa, Limbikani, yana cin nsima, wato tuwon masara, da miyar ganyen kabewa, ko kai bai ɗaga ba.

"Wace 'yar taka? Kai fa aro muka yi, mijin Dailesi. In ka gaji, ga hanya nan. Tabarmarka dai ka ɗauka, ita ma ka duba ko tamu ce."

Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya. Zakeyo ya wanke hannunsa ya tashi.

A lokacin akwai wani mutum mai zuwa daga garin Cipata a farar mota, yana sayen hauren giwa a ɓoye. Karkanda dai tun zamanin iyayenmu aka gama da ita, ƙahonta ya tafi ƙetare, yaran yanzu sai a hoto. Saura giwa. Amma giwa ba barewa ba ce. Samarin da suka gwada, ɗaya an tsince shi a cikin laka kamar tsumma, ɗaya kuma masu gadin gandun daji sun kama shi, yana gidan yari. Hancin giwa ke tona mafarauci. Iska ta juya kaɗan, ta san da kai.

Shi ya sa Zakeyo ya nufi wurin Kambewa.

Kambewa tsohon maharbin giwa ne da ya koma boka. Yana zaune shi kaɗai bayan busasshen rafi, a cikin kogon wata kuka. Da rana tsaka Zakeyo ya isa, amma da ya sunkuya ya shiga sai ya ji sanyi ya kama shi har haƙori. Jelar giwa ce rataye ko'ina, wasu sun bushe sun yi fari, wasu gashinsu baƙi wul. A tsakiya an kafa ƙoƙon kan giwa, ramukan haurensa an toshe su da jan ƙyalle. Gabansa tukunya ce a kife, da kasko da busasshen kashin giwa ke ci a hankali. Babu ƙuda ko ɗaya a wurin. Tsohon yana zaune a kan tafin ƙafar giwa da aka mayar kujera.

"Tsaya nan," in ji shi. Ya ɗaga hanci ya ja iska. "Hayaƙin gidan wasu. Gumin gonar wasu. Mijin aro ne ya zo."

"Kaka, haure nake so."

"Kowa haure yake so. Giwar ma tana son abinta."

"An ce kana sa ta kasa jin warin mutum."

"Warin nake cirewa. Abin da na cire kuma ba na mayarwa, ka ji da kyau."

"Me zan yi da wari? Cire. Me zan biya?"

Kambewa ya yi dariya ba sauti. "Ni jela kawai za ka riƙa kawo mini. Sauran ba ni za ka biya ba. Ka san in an kashe giwa 'yan uwanta suna dawowa kan gawar?"

"Kowa ya sani."

"Ka san me suke yi da suke shafa ta da hanci? Tambaya suke yi. Wa ya yi wannan? Kuma ba sa barin wurin sai sun sami amsa. Kai ba ka da wari, don haka amsa za ka ba su. Duk fita, ka tafi da tufar wani, wadda aka sa ba a wanke ba. Ka goga ta a goshin gawar da ƙafafunta. Amma dole mai tufar ya zama wanda kuke ci daga rumbu ɗaya."

Zakeyo ya ce, "Sai me zai sami mai tufar?"

"Na ce maka wani abu zai same shi?"

"Ba ka ce ba."

"To."

Gaskiya ita ce Zakeyo ya gane. Ba yaro ba ne. Amma da aka ce rumbu ɗaya, fuskar Limbikani ce ta faɗo masa, da yadda yake tauna nsima yana dariya. Ya tuɓe rigarsa ya durƙusa.

Tsohon ya tsaga shi da reza a hammata, da bayan kunne, da tsakanin yatsun ƙafa. Ya ɗauko busasshen kan hancin giwa ya dangwala a wani baƙin mai, ya bi tsagar ɗaya bayan ɗaya yana magana ƙasa-ƙasa. Ya share gumin Zakeyo da audugar rimi, ya ɗaga tukunyar nan ya jefa audugar ya sake kifewa. Kafin ya kife, Zakeyo ya hango audugar wasu a ciki, da yawa, sun yi baƙi.

Da ya dawo gida karensa ya fito ya tsaya ya dube shi, ya shinshina ƙafarsa, ya koma inuwa ya kwanta kamar ba kowa.

Fitar farko da rigar noman Limbikani ya yi ta. Ya shiga tsakiyar garke da bindigar da mutumin Cipata ya ba shi, iska tana kaɗawa daga bayansa, ba wadda ta ɗaga hanci. Ya zaɓi uwar garken ya harbe ta a kunne. Sauran suka watse. Ya sare fuskarta da gatari, ya zare hauren, ya yanke jela, ya goga rigar. Wani ɗan ƙaramin giwa ya ƙi gudu, yana ta tura gawar da kansa. Zakeyo ya kewaye shi ya wuce.

Ba a yi sati ba, Limbikani yana cire ciyawa a gonar masara tare da mutane, da hantsi, giwa ta fito daga daji. Ba ta taɓa masara ba. Ta bi ta gaban mata biyu da suka durƙusa suna salati, ta wuce su, ta je kansa. Abin da aka kwaso a zani aka naɗe shi.

Aka ce tsautsayi ne, giwa dama ta saba shiga gona.

Daga nan arziki ya buɗe. Zakeyo ya sayi babur. Ya yi gini da jan bulo ya rufa kwano. Ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa, ya sayo wa Tamala takalmi mai igiya. Masu kiransa mijin aro suka koma kiransa mai inji, suna cire hula. A daji kuwa ungulu ta yi ƙiba. Masu gadi suna ta tsintar gawa ba fuska, karnukansu su zo wurin su yi ta zagaye su zauna.

Sai ƙanen surukarsa ya tafi kamun kifi, giwa ta same shi a bakin ruwa. Sai wani ɗan 'yar uwar Dailesi, saurayi mai shirin aure. Duk 'yan rumbu ɗaya. Budurwar saurayin, da ba a kai ga ɗaura musu aure ba, ta daina magana. Mutane suka fara kewaye gidan in za su rijiya.

Wata rana Dailesi tana ninke kayansa ta kai rigarsa hanci, ta daɗe.

"Baban Tamala, kwana nawa ka yi a daji da rigar nan?"

"Me ya faru?"

"Ba ta warin komai. Ko gawa tana da wari. Kai me ka zama?"

"Na zama mai ciyar da ke. Ninke ki ba ni."

Yanzu yana da abin sallamar surukai har ya yi saura. Ya tara awaki da barguna da buhunan sukari, ya aika. Amma maganar tana hannun surukarsa, tsohuwa Nasilele. A al'adarmu suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya shiga ɗakinta, ba ya bin ta ƙofarta. In sun haɗu a hanya ɗaya ya ratse cikin ciyawa. Don haka ya tsaya bayan rumbu, ita tana zaune ta ba shi baya, Dailesi a tsakani.

"Dailesi, gaya wa mijinki ya kwashe awakinsa. Tun da suka shigo gidan nan nake bin makara."

"Ki gaya wa Inna abin da al'ada ta ce na kawo, har da ƙari."

"Gaya masa ke in kina so ki bi shi, ƙafarki ce. Jikata kuwa ba za ta ci abincin da ban san da me aka saye shi ba. Muddin ina numfashi tana nan."

"Ki gaya mata na ji," in ji Zakeyo. "Muddin tana numfashi."

A kwanakin nan wani toron giwa ya sauko kwarin, haurensa har yana jan ƙasa, mutumin Cipata kuma ya matsa. Zakeyo ya ga jifa ɗaya zai biya masa buƙata biyu. Da mata suka tafi gona, ya zagaya ta bayan ɗakin tsohuwar, inda bai taɓa takawa ba. A kan danga ga wani zani shuɗi mai zanen kifi, wanda ya sha hango ta da shi daga nesa shekara da shekaru. Ya fizge ya cusa a jaka.

Ya kashe toron. Ya goga zanin a goshi da ƙafafu, ya goga sosai.

Ya dawo da safe, ya ajiye jakar ya shiga wanka. Yana cikin zuba ruwa ya ji muryar Dailesi ta bayan zana.

"Me zanin Tamala yake yi a jakarka? Kwana biyu yarinyar nan tana kuka tana nemansa."

Ruwan ya tsaya a hannunsa. "Na Inna ne."

"Da can. Tun sanyin bara ta ba ta, da shi take lulluɓa a ɗakin kakarta. Kai ina za ka sani, ka taɓa leƙa ɗakin? Wannan jinin mene ne a jiki?"

"Ina Tamala?"

"Sun tafi rafi wanki da Inna. Baban Tamala, jinin mene ne?"

Ya fito da gudu, ko riga babu.

Tun daga kan tudu ya hango su. Matan sun daskare a bakin ruwa, ba mai motsi, giwa tana tsakiyarsu. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya da hanci, a natse, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ta zo kan Nasilele. Tsohuwar ta tura yarinyar bayanta ta buɗe hannuwa. Giwar ta shinshina kanta, ta shinshina ƙirjinta, sannan ta sa hanci ta kawar da ita gefe a hankali, ko ƙwarzane babu.

Zakeyo ya iso yana ihu. Ya shiga gabanta, ya daki hancinta da hannu biyu.

"Ni ne. Ni na kashe shi. Ga ni nan, ni ne."

Ta kewaye shi kamar yadda ake kewaye kututture.

Abin da ya biyo baya matan da suka gani ba sa faɗa, ni ma ba zan faɗa ba. Da ta gama ta karyo reshe ta rufa a kan yarinyar, yadda suke yi wa nasu, ta juya ta shiga daji.

Dailesi ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki zanin ta koma rafi ta fara wankewa. Har yau in ka bi ta wurin za ka same ta tana wanki, zanin ya zama zare, hannuwanta sun yi fari sun tsage, tana ce wa masu wucewa saura kaɗan ya fita. Dangi suka cinna wa injin niƙa wuta, suka yaye kwanon gidan. Mutumin Cipata ya sami wani saurayin ya ba shi bindigar.

Zakeyo ya koma wurin Kambewa ya faɗi a bakin kogon.

"Kaka, mayar mini da warina. Su ji ni, su gama da ni."

"Na gaya maka tun farko," in ji tsohon daga ciki. "Ina jelar toron? Ba ka kawo ba."

Tun daga ranar yake bin garken giwaye a daji, tsirara, gashi ya cukurkuɗe. Masu gadi sun sha ganinsa. Yana shiga tsakaninsu yana jifansu da duwatsu, yana kwanciya a kan hanyarsu yana kiran sunansa da ƙarfi. Su ɗaga ƙafa su tsallake shi. Zaki ma ba ya kula shi, kura ba ta bin sawunsa. Mutuwar da ya raba wa mutane ta ƙi karɓarsa.

Ku samarin da kuke tsayawa kuna kallon farar mota in ta shigo gari, ku ji. Wanda ya ce muku ba shi za ku biya ba, ku tambaye shi wa za a biya, da me. Dukiyar da aka sare daga fuskar mai rai ba ta zuwa ita kaɗai, mai bin sawunta yana tafe a baya, kuma ba ya tambayar wa kuka yi niyya. Kwaɗayi zai nuna muku maƙiyinku ya ce shi za a ɗauka. Ƙarya yake yi. Wanda kuka fi so a gidan, shi yake kallo.